KOKOWA, DAMBE, JUDO KO KARATE: WANNE KE FID DA MUTUM RANAR DA AKA TARE SHI?

Ɗan kasuwar da ke rufe kanti bayan isha'i ya nufi gida da cinikin yini cikin aljihu, da ma'aikacin da ke fitowa daga banki ranar albashi, da uban da ɗansa ke ratsa unguwa biyu kafin ya kai makaranta, dukansu tambaya ɗaya ke zo musu: in aka tare mutum, mi zai yi? Daga nan wasu kan yanke shawarar shiga gidan horo, ko su sa ƴaƴansu. To amma wasannin faɗa suna da yawa, kowane malami kuma nasa yake yabo. Zaɓen yana da nauyi, domin wanda ya koyi abin da ba ya aiki ya fi wanda bai koyi komi ba shiga hatsari: wancan ya san bai iya ba, sai ya gudu, shi kuwa wannan sai ya tsaya.

Faɗan hanya daban, fage daban

Yawancin abin da jama'a suka sani game da wasannin faɗa na Asiya daga sinima suka same shi. Tun zamanin Bruce Lee, wanda ya rasu a shekarar 1973, yara ke fitowa daga kallon fim ɗin Shinuwa suna tsalle suna harba ƙafa sama. A fim, mutum goma kan kewaye jarumi, su zo masa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jira a gama da ɗan'uwansa. A bayan kasuwa kuwa ba mai jira.

Wanda ya zo ƙwace shi ke zaɓen wuri da lokaci. Yakan zaɓi duhu, ya zaɓi sa'ad da hannuwan mutum ke riƙe da kaya ko da kan babur, sau da yawa kuma ba shi kaɗai yake ba. Babu alƙalin wasa, babu awon nauyi, babu rairayi mai taushi ko katifa, sai kwalta da bakin kwalbati. Abin yakan fara ya ƙare cikin ƴan sakan kaɗan, tun mutum bai gama gane abin da ke faruwa ba.

Sa'an nan jikin mutum kansa yana canzawa. In tsoro ya sauka, zuciya takan buga da sauri, numfashi ya gajarta, ido ya maƙale ga abu guda har mutum ya daina ganin gefe, yatsu su yi nauyi. Duk wata dabara mai hawa huɗu ko biyar, irin ta kama wuyan hannu a murɗa a juya a lanƙwasa, takan watse a wannan lokaci. Abin da ke saura shi ne motsi mai sauƙi wanda jiki ya maimaita sau dubbai har ya zame masa ɗabi'a, musamman in ya maimaita shi a gaban wanda ke neman kada shi da gaske.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ma'aunin da ya kamata a auna kowane wasan faɗa da shi. Tambayar ita ce: a gidan horon, abokin karawa yana turjewa, ko kuwa yana miƙa hannu ya tsaya kamar gunki har a gama nuna dabara a kansa?

Wanda ya fara fahimtar haka sosai wani malamin makaranta ne na Japan, Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a birnin Tokiyo a shekarar 1882. Tsofaffin makarantun jujitsu na ƙasarsa suna cike da dabarun tsone ido da karya gaɓa, waɗanda ba ya yiwuwa a gwada su a kan abokin karatu, saboda haka sai dai a kwaikwaya. Kano ya ware irin waɗannan daga cikin karawa, ya bar waɗanda za a iya yi da iyakar ƙarfi ba tare da an nakasa kowa ba, ya sa almajiransa su riƙa kamawa kullum. A ido kamar ya rage wa abin dafi. A haƙiƙa kuwa almajirin da ya kada mutum mai turjiya sau dubu ya fi wanda ya haddace dabarar kisa ɗari bai taɓa gwada ko guda ba. Har yanzu judo na cikin horon ƴan sandan Japan.

Bayan shekara ɗari da ƴan kai aka sake gwada maganar a bainar jama'a. Ranar 12 ga watan Nuwamba na 1993, a birnin Denba na Amurka, aka tara mutum takwas daga wasanni daban-daban, aka sa su kara ba awon nauyi, da ƙa'idodi kaɗan ƙwarai. Wannan ce gasar UFC ta farko. Wanda ya cinye ta, Royce Gracie ɗan ƙasar Birazil, nauyinsa bai wuce kilo 80 da ɗoriya ba. Ya kara sau uku a dare guda, kowane karo yana shiga jikin abokin faɗa ya kai shi ƙasa, ya riƙe shi har ya sallama. Cikin shekarun da suka biyo baya, waɗanda suka yi ta yin fice a irin wannan gasa ƴan kokowa ne, da ƴan dambe, da ƴan judo da jujitsu, da ƴan damben Tailan, wato dukan waɗanda horonsu na kullum karawa ce. Kamaru Usman, haifaffen Auci a Nijeriya, da ya zama zakara a 2019, daga kokowa ya fito. Francis Ngannou na Kamaru, zakaran masu nauyi a 2021, da dambe ya fara.

A ƙasar Sin ma an ga irin haka. A shekarar 2017, a birnin Chengdu, wani mai horar da faɗan gauraye, Xu Xiaodong, ya kara da wani da ke kiran kansa gwanin taici mai almajirai da yawa. Cikin ƴan sakan gwanin yana ƙasa yana kare kansa da hannuwa. Taici motsa jiki ne mai amfani ga lafiya, musamman ga tsofaffi, amma mutumin bai saba da a kai masa naushi na gaske ba.

Gasa dai ba hanya ba ce, tun da babu wuƙa a cikinta, babu taron dangi. Duk da haka abin da ya kasa aiki a kan mutum guda marar makami, da fitilu a kunne, ba zai yi aiki a kan mutum uku cikin duhu ba.

Kokowa: abin da ke ƙofar gida

In aka ɗauki wannan ma'auni, sai a tarar abin da wasu ke nema a Japan da Koriya yana nan a dandalin ƙauye. Ɗan kokowa bai san wani horo ba in ba kamawa ba. Tun yana yaro, bayan girbi, yake riƙe da wanda ke son kada shi, yana koyon yadda ake kafa ƙafa, da sauke ƙugu, da jin inda nauyin abokin karawa ya karkata tun kafin ya motsa.

Ƙasar Nijar ta ba wannan wasa matsayin da ba ta ba wani ba. Tun shekarar 1975, sa'ad da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarki, ake karawa domin takobi. Jahohi takwas kan kawo ƴan kokowa goma-goma, mutum tamanin ke nan. Filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobin har sau shida.

Amfanin kokowa ga mai neman kare kansa a fili yake. Mafi yawan rigima da cakuma take farawa: a ci kwalar riga, a riƙe hannu, a rungumo ta baya, a tura mutum jikin bango. Wanda ya saba da fage ba ya ruɗewa in an riƙe shi, yana da wuyar kayarwa, kuma shi ke da ikon zaɓe, ko ya ɓamɓare ya gudu, ko ya taɗe mutum ya ajiye shi ƙasa ba tare da ya fasa masa baki ba. Ga wanda ke raba faɗa a tasha, ko mai fama da mashayi ko ɗan'uwa da ya fusata, wannan iko ya fi naushi daraja.

Giɓinta biyu ne. Ɗan kokowa bai saba da duka ba, yakan shigo da kai a sunkuye da fuska a buɗe. Kuma a fage da zarar an yi kaye an gama, makaɗa su ɗauka. A hanya kuwa wanda aka kayar yakan tashi, ko ya jawo wanda ya kada shi su faɗi tare.

Dambe iri biyu

Damben gargajiya, wanda aka san mahauta da shi tun da, makaranta ce ta ƙarfin zuciya. Hannu ɗaya a naɗe da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ɗayan a buɗe yana tarewa, shi ne garkuwa, turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Wanda ya taɓa tsayawa a wannan fage ya san zafin duka, ba zai firgita da shi ba. Sai dai tsayuwarsa ta gefe guda ce, bugun kuma na hannu ɗaya ne da ake waiwayowa da shi daga nesa, ga shi ana koyonsa ba tare da abin kare kai ba. Magidanci mai shekara arba'in da ke da ofis ko kanti ba zai je can neman ilimi ba.

Damben Turawa, wanda ƙa'idodinsa na yanzu suka samo asali a Ingila a 1867, ya fi sauƙin koyo a tsare. Da shi ne Nijar ta fara samun lambar Olimpik, sa'ad da Isaka Dabore ya ciyo tagulla a birnin Munik a 1972. Naushinsa iri huɗu ne kawai, amma babban abin da yake koyarwa shi ne tazara: sanin inda hannun abokin faɗa ke iya kaiwa, da tsayawa bayan wannan iyaka, da kauce wa duka da ƙafa da kai. Cikin wata shida na horo na gaskiya mutum yakan daina rufe ido in an kawo masa hannu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin lura. Safar dambe hannu take karewa. Wanda ya naushi ƙoƙon kan mutum da hannu tsirara yakan karya ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, karayar da likitoci ke kira da sunan ƴan dambe saboda yawanta. In kuma dunƙulen hannu ya sami haƙori ya tsage, ƙwayoyin cutar baki sukan shiga gaɓar, rauni ƙarami ya zama babban ciwo in ba a je asibiti da wuri ba. Haka nan yawan shan duka a ka yana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, saboda haka gidan horon da ake dukan kai da ƙarfi kowace rana ba wurin zuwa ba ne.

Judo da jujitsun Birazil

Judo ƴar'uwar kokowa ce, sai dai da riga ake yin ta, wannan kuwa ya dace da ƙasar da maza ke sanye da manyan riguna da jallabiya. Ɗan judo ya san yadda ake riƙe mutum ta kwala da hannun riga, ya kuma san yadda ake ɓalle irin wannan riƙo. Ya fi ɗan kokowa da abu ɗaya: in an kai ƙasa yana ci gaba, ya san danne mutum, ya san fita daga ƙarƙashinsa.

Darasinta na farko shi ne faɗuwa. Kafin a koya wa yaro kada kowa, sai ya yi makonni yana koyon yadda zai faɗi ya tanƙwashe haɓa, kansa bai bugi ƙasa ba. Mutum yana iya ƙare rayuwarsa ba a taɓa tare shi ba, amma da wuya ya ƙare ta bai faɗo daga kan kabu-kabu ba, ko santsi bai kwashe shi a makewayi ba. Ta wannan fuska judo tana kare mai ita ko da bai taɓa faɗa da kowa ba.

Jujitsun Birazil reshe ne na judo. Wani almajirin makarantar Kano, Mitsuyo Maeda, ya isa Birazil a 1914, iyalin Gracie suka koya daga gare shi, suka mai da hankali ga faɗan ƙasa. Ita ce ta fi kowace koya wa ƙaramin mutum yadda zai kuɓuta in babba ya danne shi. Amma zama a ƙasa a kan hanya hatsari ne, domin wanda ke kwance yana murɗe hannun mutum guda, kansa yana daidai ƙafar na biyu. Abin da mai kare kansa ke buƙata daga gare ta shi ne yadda zai tashi. Ga shi kuma malamanta ba su da yawa a wannan yanki, alhali judo ana samun ta a manyan garuruwa.

Karate da tikwando

Karate daga tsibirin Okinawa ta fito, Gichin Funakoshi ya kai ta Tokiyo a 1922. Tikwando ta Koriya ce, an raɗa mata suna a 1955, ta zama cikakken wasan Olimpik a shekarar 2000. Ita ce ta kawo wa Nijar lamba ta biyu, shekara 44 bayan ta Dabore: Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a birnin Muju na Koriya ta Kudu a 2017. Tun daga nan yara da yawa suka nufi wannan wasa.

Ga yaro, alherinsu yana da yawa: ladabi, sauƙin jiki, saurin ƙafa, da saba wa bin ƙa'ida. Ɗan tikwandon da ke shiga gasa ya san tazara da lokaci kamar ɗan dambe. To amma a ƙa'idar Olimpik an hana naushi a fuska, harbin ƙafa a ka kuma shi ya fi maki, don haka ƴan wasa kan saba da sauke hannuwa. A hanya, naushi a fuska shi ne abin da ake fara kawowa. Wanda kuma ya ɗaga ƙafa zuwa kan mutum yana sanye da doguwar riga da takalmin fata mai santsi, a kan tsakuwa, ya bar dukan nauyinsa bisa ƙafa guda.

Karate kuwa gida-gida ce. Akwai inda ake shekara ana naushin iska a jere ana ƙirga, akwai kuma irin Kyokushin, wadda Masutatsu Oyama ya kafa, inda ake dukan jiki da gaske. Sunan da ke rubuce a ƙofa ba ya faɗin komi, sai an leƙa ciki.

Masu alkawarin gaggawa

Akwai kuma masu tallar horon soja na mako biyu ko na wata guda, galibi da sunan krav maga. Wanda ya kafa ta, Imi Lichtenfeld, ɗan dambe ne kuma ɗan kokowa da ya yi faɗan titi a birnin Biratislaba cikin shekarun 1930, kafin ya koyar da sojojin Isra'ila. Shawarwarinta na lura da wuri da neman mafita suna da kyau. Sai dai shi Lichtenfeld ya gina ta ne bisa shekarun da ya yi a fage. Wanda aka nuna wa yadda ake ƙwace bindigar roba daga hannun abokin da ya yarda a ƙwace, takardar shaida kawai ya samu.

Wuƙa, bindiga da taron dangi

Nan ne iyakar kowane wasan faɗa. A shekarar 1983 wani ɗan sandan Amurka mai koyar da harbi, Dennis Tueller, ya auna ya nuna cewa mutum mai wuƙa yana iya cin tazarar mita shida da ɗoriya cikin sakan ɗaya da rabi, wato kafin ɗan sanda ya zaro bindiga ya harba. In haka take ga mai bindiga, ina ga mai hannu banza? Wuƙa ba ta buƙatar ƙarfi ko gwaninta, yaro ɗan shekara goma sha biyar yana iya kashe zakara da ita. Sau da yawa wanda aka soka ba ya ma sanin akwai wuƙa, yakan ɗauka naushi ne sai ya ga jini. Duk malamin kirki abu guda yake faɗa: in akwai hanyar gudu, a gudu, in babu, a sa wani abu tsakani, kujera ko benci ko jaka ko babur, a yi kururuwa. Wanda ya dogara da maganin ƙarfe ya tsaya, da wanda ya dogara da baƙar ɗamara ya tsaya, gado ɗaya ke jiransu a asibiti.

Batun bindiga ya fi haka. Ƴan fashi da masu satar mutane da suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji a bakin iyaka, musamman daga shekarar 2019, a kan babura suke zuwa, da yawa, da bindigogin yaƙi. Wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro. Ga fatake, kariyar da ke hannunsu ita ce tafiya da rana, da tafiya cikin ayari, da rashin sanar da ranar tashi, da aika kuɗi ta banki ko ta kamfanonin aika kuɗi maimakon ɗaukar su a jiki. In kuwa an riga an ɗora wa mutum bindiga ana neman jaka, to a ba da jaka. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji Hausawa, mai da shi wasa. Jikka dubu ana sake samun ta a kasuwa.

Abin da doka ta ce

Wanda ya yi nasara a faɗa bai gama ba, saura komisariya. Dokar hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961, wadda ta samo tushe daga ta Faransa, ta yarda mutum ya kare kansa ko ya kare wani. Amma alƙali yakan duba abubuwa: harin yana gudana ne a lokacin, ko ya wuce? Akwai larurar mai da martani? Martanin ya yi daidai da harin? Wanda aka mara ya karya wa mutum wuya ya wuce iyaka. Wanda ya bi ɓarawo bayan ya juya da gudu, ya kama shi ya yi ta duka, ya tashi daga kare kai ya koma ramuwa. Haka taron da ke rufar wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa.

Ya kamata mai koyo ya san cewa naushi ɗaya yana kisa. Galibi faɗuwar ce ke kashewa: mutum ya suma a tsaye, ƙeyarsa ta bugi kwalta. Abin ya yi yawa a Ostareliya har jahar da birnin Sidni yake ciki ta yi masa doka ta musamman a 2014. Kaye mai ƙarfi a kan siminti haka yake, shaƙe wuya ma haka, tun da sakan goma sun isa su sumar da mutum, in aka daɗe kuwa sai gawa. Rigimar canji ko ta wurin ajiye mota tana iya ƙarewa da mutum ɗaya a kabari, ɗaya a gidan kaso, gidaje biyu sun rasa mai ciyarwa.

Mata da ƴan mata

Ga mace lissafin ya bambanta, domin mai cutar da ita sau da yawa wanda ta sani ne, kuma da lallashi ko tsoratarwa yake farawa. A ƙasar Kanada an yi wani bincike da aka buga a 2015, a kan ɗalibai mata kusan 900 na jami'o'i uku. Rabinsu an ba su horo na awa 12 kacal: gane alamun hatsari, yarda da abin da zuciya ta faɗa, ɗaga murya, da ƴan dabarun kuɓuta. Bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa fyaɗe cikin masu horon kashi 5 ne cikin ɗari, cikin sauran kuwa kusan kashi 10. Awa 12 ba ta mai da kowa ɗan dambe. Abin da ya yi aiki shi ne saurin ganewa da ƙin yin shiru. Uban da ke son ɗiyarsa ta koyi judo ko tikwando ya yi daidai, da sharaɗin a sami malama ko wurin da iyaye ke iya zama su gani, amma ya haɗa mata da izinin ta ce a'a da ƙarfi, ko ga wa.

Yadda za a zaɓa

Mai neman gidan horo ya je ya zauna ya kalli darasi guda tun daga farko har ƙarshe kafin ya biya ko dala. Ya duba ko ana karawa da turjiya, kuma ko ana yin ta da hankali, manya suna sassauta wa ƙanana. Ya duba ko malamin yana ƙarƙashin hukumar wasan ta ƙasa, ya tambayi inda ya koya da gasar da almajiransa suka shiga. Ya duba ko akwai katifa da safa da abin kare haƙora. Malamin da ke cewa dabarunsa sun fi ƙarfin a gwada su, ko mai alkawarin baƙar ɗamara cikin shekara guda, ko mai dukan yara da sunan ƙarfafa su, a bar masa abinsa. Kuma wuri na kusa da gida da za a iya zuwa sau biyu ko uku a mako ya fi shahararren wuri na ƙetaren gari da za a bari bayan wata ɗaya.

Ga yaro ɗan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, judo ko kokowa sun fi dacewa, tun da babu dukan kai a cikinsu. Tikwando ma tana da kyau in ita yake so. Saurayi mai ƙarfi ya haɗa biyu, ɗaya na kamawa ɗaya na duka: kokowa ko judo, da damben Turawa. Shekara biyu a haka sun ishe shi abin da hannu banza ke iya yi. Magidancin da ya haura arba'in, mai teɓa ko hawan jini, ya fara da ganin likita, sa'an nan tafiyar ƙafa da ɗan gudu, domin wanda ba ya iya gudun mita ɗari ba shi da dabara ta farko. Bayan haka ya koyi faɗuwa, da ɓalle riƙo, da tare fuska.

Sauran kariya ba a gidan horo ake samun ta ba. Ɗan kasuwa ya riƙa sauya hanya da lokacin komawa gida, kada ya ƙirga kuɗi a gaban jama'a, ya sa fitila a ƙofar kanti, ya san mai gadin layinsu da suna. Ma'aikaci kada ya tsaya duba salula a bakin banki. Tsofaffin ƴan kokowa da ƴan dambe, waɗanda suka san abin da jikin mutum ke iya yi wa ɗan'uwansa, su ne aka fi sani da kauce wa rigima a gari, a zage su su wuce. Wanda ya shiga horo ya ga bayan shekara guda ya fi da haƙuri, ya fi lura da abin da ke kewaye da shi, to ya sami malami na gari. In kuwa ya ga ya fara neman wanda zai gwada hannunsa a kai, ya sake gida tun da wuri.